Ƙauri a Kicin Ɗin Ardis

A garinmu idan watan Disamba ya kama, kowa sai ya riƙa leƙa dakalin ƙofarsa da safe. Ranar da ka tarar da tsohon gwangwanin kofi a ajiye, an ɗaura masa jan zare a wuya, ka san Ardis Tollefson ta kunna tandarta. Daga nan sai ka tashi neman inda ka jefa fitilun Kirsimeti na bara.

Abin da ke cikin gwangwanin "haɗi" kawai muke ce masa. Hatsin nan ne mai raga-raga na kwali da yara ke sha da madara da safe, a zuba masa gyaɗa da kashu da siraran biskit masu gishiri, a narka man shanu da garin tafarnuwa da na albasa da baƙin ruwan ɗanɗano na kwalba, a kwarara a kai, a tura tanda. Babu gidan da ba a yin sa. Ni ma ina yi, kuma ban taɓa ganin wanda ya tofar da nawa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, in aka taru a coci ko a gidan wani, kwanon Ardis ne yake fara zama wayam. Babu wani sirri a ciki, haƙuri ne kawai. Wuta ƙasa-ƙasa ake ba shi, kana buɗewa kana juyawa a kai a kai har man ya shige. In ka yi sakaci sau ɗaya na ƙasa ya kama, to tafarnuwar ta yi ɗaci, tiren gaba ɗaya ya tashi aiki. Bayan sabuwar shekara kowa ya mayar mata da gwangwaninta, ta jibge su a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, su sha ƙura har wata shekarar.

Ardis ta haura tamanin. Tun da mijinta Orval ya rasu ita kaɗai ce a gidan gonar, can bayan gari inda motar share ƙanƙara ba ta zuwa sai ta ga dama. 'Ya'yanta biyu. Duane, babban, yana Arizona yana shan rana, kuma daga can ya fi kowa sanin abin da ya dace da uwarsa. Lynette kuwa tana Fargo, tana aiki a asibitin haƙori, ga miji mai ciwon baya a kwance. Duk Asabar sai ta tuƙo doguwar hanyar nan, ta yi cefane, ta jera magunguna, ta kwana, ta koma. Tun bana da kaka na lura yarinyar nan ta zube. Yarinya nake cewa, alhali ta ba hamsin baya.

Da kakar ce Ardis ta bar buta a kan wuta har ruwan ya ƙafe, gindin butar ya yi baƙi ƙirin. Ƙaramin abu ne, wa bai taɓa yi ba? Amma Lynette ta yi suɓul da baka ta gaya wa Duane, shi kuma ya riƙe maganar gam. A cewarsa lokaci ya yi da za a kai Mama gidan kula da tsofaffi na cikin gari, tun kafin a tashi da labarin gobara. Ardis ta ce gawarta ce kaɗai za ta bar gidan nan.

Abin da zan faɗa daga nan Lynette ce ta ba ni da bakinta, a cikin motata, tana kuka har na rasa inda zan sa kaina.

Ana jibi za a yi haɗin, Duane ya kira ta.

"Lynnie, na samo mana mafita. Ranar Asabar ki bar ta ta yi haɗin nan ita kaɗai. Kar ki taɓa, kar ki tuna mata. Ki zauna kawai ki zuba ido."

"Wato in ɗana wa uwata tarko."

"Wane irin tarko kuma? Gwaji ne. In ta yi lafiya lau, na rantse miki na yi shiru da maganar har baɗi. In kuwa ta manta da tanda a kunne ke kina zaune, to ranar da ba kya nan fa?"

"Kai ka zo ka zuba idon mana. Ko jiragen Arizona sun daina tashi ne?"

"Kin fara ko? Ke ce fa kullum kike kira na kina cewa kin gaji."

Nan ya kama ta, don gaskiya ya faɗa. Shi ya ɗauka ta yarda, ita ma ba ta gyara masa ba.

Ranar Asabar da safe ni na ɗauki Ardis na kai ta wurin gyaran gashi, don ba ta yarda Kirsimeti ya same ta da kai buzu-buzu. Lynette ta iso ta tarar da gida ba kowa. Ta zauna, ta kasa zama. Ta share kicin ɗin da yake a share. Abin da za ta yi wa tsohuwar nan da rana ya tsaya mata a wuya, sai take neman wani alherin da za ta fara gabatarwa ko zuciyarta ta sassauta mata. Ta sauka ɗakin ƙasa ta kwaso gwangwanayen nan kaf, ta wanke su da ruwan zafi, ta goge, ta jera su reras a kan tebur suna ƙyalli.

Na sauke Ardis a ƙofa na wuce abina. Ta shiga tana kakkaɓe takalmi, ta ga tebur, ta tsaya cak.

"Ke, wa ya aike ki?"

"Taimako na yi miki, Mama. Ga shi kin huta da wanki."

"Na huta? To yanzu da me zan auna lokaci?"

"Wane lokaci?"

"Lokacin juyi mana! Haba Lynette, shekara nawa kina kallo na? In na tura tire sai in wanke gwangwani biyu, in goge, in juya. In wanke biyu, in juya. Kafin gwangwanayen su ƙare haɗi ya gasu. Haka kakarki ta koya mini. Kin taɓa ganin na kalli agogo?"

Lynette ba ta taɓa lura ba. Tun tana goye take ganin uwarta a bakin famfo ranar haɗi, ta ɗauka wanki ne kawai. Ta gane a take cewa gwajin nan ya lalace tun kafin a fara shi, kuma da hannunta ta lalata shi. Ga waya a aljihunta, da ta ce a saita ƙararrawa da magana ta ƙare. Ko ta ce a bari sai gobe. Ko ma ta kwashe gwangwanayen ta sake tsoma su a ruwa su yi dariya. Duk ta tuna waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta yi ko ɗaya ba.

"Yi haƙuri, Mama," kawai ta ce.

"Ba komai. Kan nan dai yana aiki, duk da yayanki ya ce ya ruɓe. Miƙo mini man shanu."

Ta narka man, ta auna komai da ido da tafin hannu, ta kwarara, ta cakuɗa da cokalin katako, ta tura babban tiren cikin tanda. Ardis ba ta kuskure komai ba. Lynette ta ja kujera kusa da taga, ta ce za ta riƙa yanka jan zaren da za a ɗaura. Daga kujerar zuwa tandar, in ta miƙa ƙafa za ta taɓa.

Juyin farko Ardis ta yi shi a kan kari. Na biyu ma haka, har ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta hura ta ɗanɗana ta gyaɗa kai. Sai dai mace ce da ba ta saba tsayuwa hannu sake ba. Ta goge inda babu datti, ta gyara labule, ta buɗe firiji ta rufe. Da ta rasa abin yi sai ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba ranar haɗi. Zaman nan kuwa ya kawo hira.

"Bana gwangwani uku za su yi saura," in ji ta. "Elroy ya tafi, Bernice ta tafi, su Knutson sun koma wajen 'yarsu. Kowace shekara tebur yana raguwa."

"Sai ki ƙara wa Fasto."

"Fasto? Kin ga tumbin nan kuwa? Matarsa ta roƙe ni da girman Allah in rage masa. Marlys zan ƙara wa, ko ta ɗanɗana ta gane gishiri ba yashi ba ne da za a zuba da shebur."

Marlys ni ce. Lynette ba ta ɓoye mini wannan ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba, amma nawa gishirin daidai yake.

Daga nan hira ta gangara kan Orval. Yadda yake laɓaɓowa ya tsince kashun tun haɗin bai huce ba, ya bar wa baƙi gyaɗa. Yadda wata shekara ta kama shi ta buge masa hannu da cokali, ya kwana yana fushi kamar yaro. Ardis tana ba da labarin tana dariya har da share hawaye. Lynette ta daɗe ba ta ga uwarta cikin walwala haka ba. Tana dariyar ita ma, amma hancinta yana kan tanda, don lokacin juyi na uku ya yi, ya wuce.

"Akwai hotonsa ma da bakin nan cike," Ardis ta ce. "Tsaya in ɗauko miki."

Ta tashi, ta bi ta gaban tandar, rigarta har tana gogar murfin, ta shige falo.

Da farko ƙamshi ne, irin wanda ke sa yawu ya tsinke. Sai ya fara nauyi. Duk wadda ta taɓa gashi ta san wannan gaɓar, inda in ka yi maza ka juya ba wanda zai gane an yi sakaci. Lynette ta san ta sarai. Ta ji ana jan aljihun kabad a falo, ta ji uwarta tana magana ita kaɗai da mutanen cikin hotuna. Kalma ɗaya ta isa. Ko tari ta yi da ƙarfi Ardis za ta tuna.

Lynette ta ce mini ta yi ta gaya wa kanta cewa alkawari ta yi wa Duane. Amma ta san ƙarya take. Duane yana can wata uwa duniya, ba ya ganin ta. Gaskiyar ita ce so take ya ƙone. Ta gaji da hanyar nan mai santsi, ta gaji da kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ta gaji da tsoron duk kiran da ya shigo da lambar garinmu. Tana son wani abu ya yanke hukuncin nan ba ita ba, yadda gobe ba za a ce ita ta fitar da uwarta daga gidan aurenta ba. Tana zaune da almakashi a hannu tana jin ƙyamar kanta, kuma ƙyamar ba ta ɗaga ta daga kujerar ba. Ta ci gaba da yanka zare har ya fi gwangwanayen yawa.

Ƙamshi ya koma ƙauri. Wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta gefen murfin.

Sai ƙararrawar hayaƙi da ke jikin silin ta ɗauki ihu.

"Wayyo haɗina!"

Ardis ta fito da gudun da Lynette ba ta san tana da shi ba, hotuna suna zubewa a bayanta. Ta fizgi ɗan tawul ɗin goge kwano ta buɗe tanda, hayaƙi ya turnuƙe ta, ta cafko tiren. Tawul ɗin siriri ne, bakin tiren ya lashe ta a wuyan hannu. Ba ta saki ba. Sai a lokacin Lynette ta zabura, ta buɗe ƙofar baya, ta karɓe tiren ta jefa shi kan dusar ƙanƙara, ya yi cuu. Sanyi ya faɗo cikin kicin. Ta hau kujera ta kashe ƙararrawar, ta jawo uwarta bakin famfo ta sakar mata ruwan sanyi a kan ƙunar.

Ta ƙofar da ke buɗe suna hango tiren, gefe-gefensa baƙi kamar gawayi, tsakiyar ma ta canza launi. Wurin ƙunar ya yi ja, ya fara tasowa.

"Tun da nake ban taɓa ƙona shi ba," Ardis ta ce a hankali. "Ko shekarar da aka haifi Duane, ina fama da jego, ban ƙona ba."

"Za mu yi wani, Mama. Akwai sauran kaya."

Ardis ta juyo ta riƙe hannun rigar 'yarta da hannun mai lafiya. Muryarta ta yi ƙasa, kamar akwai wani a gidan da zai ji.

"Lynnie, don Allah kar ki gaya wa yayanki. Kin ji? Mu binne shi a bayan rumbu, ba wanda zai sani. Ke kaɗai ce a bayana, na sani. Shi jira yake in yi tuntuɓe."

Nan Lynette ta kasa. Ta kashe famfon, ta fashe da kuka.

"Mama, ni ce. Tun ɗazu nake jin ƙaurin. Ina zaune a nan ina ji, na ƙi yin magana. Mun shirya da Duane ne, ya ce in bar ki mu gani ko za ki manta. Kuma ni na wanke miki gwangwanaye, kin gaya mini da su kike auna lokaci, na ji, na yi shiru. Ba kanki ba ne, Mama. Ni na so ya ƙone."

Ardis ta zuba mata ido. Can sai ta girgiza kai, ta yi wani ɗan murmushi mai ban tausayi.

"Allah sarki, 'yar nan. Har yanzu ba ki daina ba?"

"Mama, da gaske nake."

"Rufe mini baki. Tun kuna yara haka kike. Duane ya fasa taga, ke ki zo ki ce ke ce. Kare ya cinye nama, ki ce ke kika bar ƙofa a buɗe. Ke da kike tuƙo mota cikin ƙanƙarar nan duk Asabar, ke ce za ki zauna kina kallo gidana ya kama wuta? Je ki gaya wa wani."

"Na rantse miki..."

"Kar ki rantse a kan ƙarya, ba kyau. Ni na kunna tanda, ni na tashi na tafi kallon hotuna. Gwangwani kuma, in kan mutum sai da gwangwani yake aiki, ai ya gama yawo."

Ta janye hannunta, ta naɗe ƙunar da tawul mai ɗanshi, ta koma ta zauna. Ta kalli gwangwanayen da ke jere, ta kalli tulin jan zaren. Lynette tana tsaye tana ta maimaita maganar, tana ƙara bayani, tana ambaton ranar da Duane ya kira. Duk abin da ta ƙara sai Ardis ta gyaɗa kai kamar mai sauraron yaro yana kare abokinsa.

"Ya isa," ta ce daga ƙarshe. "Ɗazu na roƙe ki ki rufa mini asiri, ban kyauta ba. In har na kai inda 'yata za ta riƙa yi wa kanta ƙazafi don ta kare ni, to zaman gidan nan ya ƙare. Ba ni wayarki."

"Mama, a'a. Mu bari tukuna, mu sake yin wani gobe, ki gani da idonki."

"Ba ni, na ce."

Ta ba ta. Da me za ta hana ta? Ta danna mata lambar ma, don Ardis ba ta iya wayoyin nan ba. Sai ta fita ta ɗauko tiren daga cikin ƙanƙara, ta sa shi a bakin famfo ta hau kankara da ƙarfi, ko ƙarar ta hana ta ji. Ba ta hana ba.

"Duane? Ni ce. A'a, lafiya lau. To, ka yi nasara, ɗan nema. Na ƙona haɗi, har ƙararrawa ta yi kuka... Ƙurmus, ba abin da za a tsinta... Lynnie? Ta fita share ƙanƙara a lokacin... Ka kira mutanen nan ka ce ina zuwa bayan sabuwar shekara. Amma ɗaki mai taga nake so, ka ji, ba zan zauna ina kallon bango ba... Kai dai ka gode wa Allah da ya ba ka ƙanwa. Ba ka san abin da yarinyar nan take yi mini ba."

Lynette ta ce ba ta san abin da Duane ya amsa ba. Ta dai ji uwarta tana "to, to", sannan ta ji ta taso, ta zo ta tsaya a bayanta. Ardis ta danne wayar a ƙirjinta yadda ba za a ji ba, ta matso kusa da kunnen 'yarta.

"Ungo, yana son magana da ke. Kar ki ji tsoro, ba zai yi miki faɗa ba. Ban gaya masa kina kicin ɗin ba, na ce masa kin fita share ƙanƙara."